Kafaɗar Bube

Bube makiyayi ne a gefen Yashe. Da rani 'ya'yan gawo ne abincin shanunsa, shi ya sa ranar da ya tarar da Babba mai gawayi yana saran babban gawon burtali, ya riƙe masa hannu. Babba ya fizge, ya juya gatarin ya sauke masa a kafaɗa. Bube ya ji ƙarar ƙashinsa kafin ya ji zafin. Jini ya jiƙa rigarsa har ƙugu.

An ɗinke shi a Kankia, amma hannun ya zama kamar ba nasa ba. Aka tura shi wurin Ronke, likitar gashin ƙashi. Ita ba ta cika tada janareto don na'ura ba. Bayan asibiti take kai majinyata, inda ta dasa gawo da darbejiya, ta ba kowa aiki daidai ciwonsa. Bube ta ba shi guga, ta nuna masa rijiya.

"Malam Bube, ja a hankali. Dashen nan zai sha, kafaɗarka ta saki."

"Likita, zan iya ɗaga sanda?"

"Ta kiwo, eh."

Ya ɗauki gugan. Ya ja ruwa har damina ta faɗi, yana cije baki, yana ganin fuskar Babba a cikin rijiyar.

Ranar kasuwar Kusada ya hango Babba yana kwance buhunan gawayi daga babur. Bube bai yi sallama ba, ya ɗaga sandarsa. Dukan farko ya sami gwiwa, Babba ya zube. Na biyu ya fasa masa baki, haƙora suka watse cikin gawayin. Mata suka yar da ƙwaryar nono suna ihu. Bube ya ɗaga na uku da dukkan ƙarfinsa, sai wani abu ya tsinke a kafaɗar, sandar ta faɗi bayansa.

Ɗan sanda ne ya rako shi wurin Ronke. Ta taɓa kafaɗar, ta duba ta sosai.

"Jijiyar ta sake yagewa. Wannan karon hannun ba zai ɗagu ya wuce ƙirjinka ba."

"Itacen fa ya kashe, Likita."

"Na sani. Yana ɗaki na gaba. Shi ma ni zan koya wa tafiya."

Bube ya sunkuyar da kai. Da yamma matarsa Inno ta zo ta gaya masa ƙanensa ya kora shanun kudu, tunda shi ba zai iya kiwonsu ba.