Tumakin Bayan Tudu

Direba yana tsugune yana sace iskar tayar baya don motar ta iya tafiya a yashi, sai ya ji an buga ƙofar gaba ta ɓangaren sitiyari. Ya ɗaga kai. Autan Maigida ya riga ya hakimce, yana jawo kujera don ƙafarsa ta kai ga totur.

"Ranka ya daɗe, Maigida fa ya ce kada..."

"Maigida yana nan ne? Shigo mu tafi, malam."

Tun ranar da Auta ya rungumi turken wutar lantarki da sabuwar mota, mahaifinsa ya ƙwace makullai, ya kira Direba har falo ya ce masa, duk ranar da ya ba yaron nan sitiyari, ranar zai kwashe komatsansa daga ɗakin bayan gida. A ɗakin nan kuwa matar Direba take da tsohon ciki, ga yara biyu suna kwana a kan tabarma kusa da firji. Amma wanda ya ɓata wa Auta rai ya ɓata wa Hajiya mahaifiyarsa, kuma wanda ya ɓata wa Hajiya ba ya ganin ƙarshen wata a gidan. Gaba kura, baya siyaki. Direba ya murɗa murfin bawul ɗin tayar, ya zagaya ya zauna a kujerar da bai saba ba, ransa a ɓace.

Hanyar dai sawun taya biyu ce da ta ratsa makiyaya ta nutse cikin tuddan yashi. A nan aka haifi Direba, shi ya sa aka zaɓe shi ya kawo Auta da abokinsa shan iska. An ɗan yi ruwa kwanakin baya, ciyawa ta fara tsirowa tsilli-tsilli kamar gemun saurayi, kuma ya san yadda makiyaya suka yi ta ɗaga kai sama kafin ta fito.

"Ka tsaya a kan sawu, ranka ya daɗe. In taya ta bi ta kan ciyawar nan, ta gama ke nan sai baɗi."

"Ciyawa kuma? Ka ji Direba da wa'azi!" in ji abokin Auta daga baya. Ya fito da rabin jikinsa ta taga, waya a hannu yana ɗaukar bidiyo. "Taka mata, Auta! Taka!"

Auta ya taka. Ya bar sawu ya faɗa cikin ciyawa, ya murɗa sitiyari motar ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana feshin ƙasa da saiwoyi. Su suna ihu, Direba yana riƙe da hannun ƙofa, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Daga nan Auta ya hango wani dogon tudu ya nufe shi.

"Kada ka haye shi da gudu! Rana ta karkata, dabbobi suna kwance a inuwar baya!"

Magana ta bi iska. Hancin motar ya ɗaga sama, ba a ganin komai sai gajimare, sannan ta faɗo. Suka ji wani abu ya bugu a ƙarƙashi, suka ji kuka, tumaki suka watse ko'ina.

Direba ne ya fara dira. Biyu sun gudu suna ɗingishi. Ɗaya kuwa tana nan bayan tayar gaba, wata farar tunkiya mai ciki, tana jan jiki da ƙafafun gaba, na bayan sun ƙi biyo ta. Ya kama kanta don ya kwantar da ita, sai ya ga tsaga biyu a kunnen hagu. Shaidar garken gidansu ce. Shi kansa ya sha yi wa 'yan tumaki irinta yana yaro.

Can daga wani tudun, wani tsoho yana saukowa, sanda a gicciye bisa kafaɗu, ba ya sauri. Ko daga nesa Direba ya san tafiyar mahaifinsa.

Auta ya matso. Bai san ko wane ne tsohon ba, bai kuma damu ya sani ba. "Ka ce kai ne," ya faɗa a kunnen Direba. "Dubi bambar motar ta lotse, dole magana ta je gida. In Daddy ya ji na taɓa sitiyari, ni faɗa kawai zai yi min. Kai fa?"

Gaskiya ya faɗa, ita ce ma ta fi ciwo.

Tsoho ya iso. Direba ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa da ka. Ya duba tunkiyar, ya shafa ƙashin bayanta da yatsu, ya zaro wuƙa daga ɗamara, ya juyar da ita, ya yi bisimilla ya yanka. Abokin Auta ya kau da kai ya sa waya a aljihu. Sai da tsohon ya goge wuƙar da yashi sannan ya yi magana.

"Wa ke tuƙi?"

Direba ya hango matarsa a ransa tana hawa bayan motar kwasar kaya da wannan cikin. Ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Baba. Tudun ne ya rufe min gani."

"Kai ne."

"Ni ne."

Auta ya yi maza ya zaro kuɗi ya miƙa. "Yi haƙuri, tsoho, kuskure ne. Za mu yi masa faɗa." Hannun ya daɗe a miƙe, ba wanda ya kalle shi, har ya mayar da shi aljihu.

Tsoho ya matso kusa da ɗansa, ya rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Ina kan tudun can. Na ga wanda ya fito ta kowace ƙofa. Tunkiya ai ta mutuwa ce, ko ba mota akwai fari. Na tambaya ne don in ji abin da birni ya rage min a cikinka." Ya miƙe, ya ɗaga murya. "Direba, ɗauke motarka daga kan ciyawa."

Tun da aka haife shi tsohon nan bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Babana, saboda sunan kakansa da aka sa masa. Tsoho ya saɓa tunkiyar a wuya, jini yana ɗiga a bayan rigarsa, ya bi sauran garken.

Wannan karon ba wanda ya yi rigimar sitiyari. Direba ya mayar da kujera baya, ya lallaɓa motar har ta koma kan sawu. Idonsa yana zafi, ya ƙi kallon madubi. An ɗan yi tafiya, sai Auta ya sauke ajiyar zuciya, ya leƙo ya dafa kafaɗarsa.

"Kai, Direba, ka iya da mutanen nan! Ko sisi bai karɓa ba. Wallahi zan gaya wa Daddy, wurin nan ya yi. Duk ƙarshen mako kai za ka riƙa kawo mu."

"To, ranka ya daɗe," in ji Direba.