Yatsun Zubairu

"Ba zan shiga ba," in ji Malam Idirisu. "Ko za ki tsaya nan har la'asar."

"Malam, mutum ne fa yake gargara."

"Na leƙa ta taga, Lantana. Yana gargara yana kiɗa. Baki ya mutu, yatsu suna rawa a kan ƙirji. Wa zan laƙƙana wa shahada? Shi ko gogen?"

Lantana ta sauke farantin ƙosanta a bakin ƙofa. Tun safe ba ta sayar da ko ɗaya ba. Ta hau titin tudun nan da ake kira Ladeira da Praça ta sauko, ta sake hawa, gwiwoyinta suna kuka. A unguwar nan ta ƙasar Nasara, can ƙetaren teku, duk tsofaffin Hausawa sun ƙare. Idirisu kaɗai ya rage wanda ya san wankan gawa da sallarta. In ya ƙi, masu coci ne za su ɗauki maƙwabcinta Zubairu, su binne shi da takalmi, fuska ta kalli inda ta ga dama.

Zubairu a gidan tangaraho yake aiki, can ƙasa wajen tashar jiragen ruwa. Shi ke gyara na'urar da ke ƙwanƙwasa saƙo, shi ke hawa turaku in iska ta tsinka waya. Da yamma kuma sai ya ɗauko gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Katanga ɗaya ta raba ɗakinsa da na Lantana, ta sha zaginsa a kan hana ta barci. Ranakun biki yakan bi ƙungiyar wanzaman garin masu kiɗa har ƙofar coci a unguwar Itapagipe. Wannan ne Idirisu bai taɓa yafe masa ba.

Sai ga Zubairu ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin hagu ya shanye, harshe ya tafi.

"Wane hannu ka gani yana motsi?" in ji Lantana.

"Ina ruwana da hannu?"

"Ka faɗa dai."

"Dama."

"To! Malam da karatu amma ba ido. Ka taɓa ganin mai goge yana danna tsirkiya da dama? Da hagu ake dannawa. Dama ta izga ce. Dama kuma da ita ake tasbihi."

Idirisu bai taɓa tsayawa ya kalli mai goge ba, ya kuwa sha yin alfahari da hakan.

"Tasbihi?"

"Ni ban ce ba. Kai ne malami."

Ya ja tsaki, ya tuɓe takalmi, ya shiga.

Ɗakin yana warin man ja da magani. Uwani, matar Zubairu, tana zaune wajen kansa da mafici. Ta ɗago ta dubi Lantana, ta ji duk abin da aka faɗa a ƙofa. Lantana ta kau da kai. Su biyun sun san Zubairu bahago ne. Da hagu yake jan izga. Tun ranar da ya sayi gogen ya kwance tsirkiyoyin ya jera su a juye.

Yatsun suna ta aiki a kan rigarsa. Manuni, na tsakiya, ƙarami ya miƙa can nesa, ya dawo. Lantana ta san wannan waƙa. Ita ce wadda yake yi in ruwan sama ya hana shi fita, wadda ya ce uwarsa ke yi wajen daka. Kullum a wuri ɗaya yake tsayawa, don ya manta ƙarshenta.

Idirisu ya durƙusa, ya kai baki kunnen Zubairu. "La'ilaha illallahu." Ya maimaita. Ya sake. Muryarsa ta yi laushi. "Zubairu, ni ne. Ka bi ni."

Lantana ta kasa zama. Ta je taga. Masu ɗaukar kaya suna hawowa da buhuna a ka, suna waƙar Yarbawa. Ta dawo, ta gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Ta sake komawa taga.

Yatsun suka kai wurin nan na waƙar, suka tsaya. Ta jira su koma farko. Ba su koma ba.

Uwani ta ajiye mafici.

Matan suka fita tsakar gida suka ɗora ruwa, suka yanka farin ƙyalle. Idirisu ya yi wankan shi kaɗai. Ya daɗe, har inuwar katanga ta rufe murhu. Da ya fito hannun rigarsa a naɗe yake, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya tsaya ya dubi gabas, ya share wurin sallah da ƙafa. Bai kalli kowa ba.

Kaza ta hau farantin ƙosan, ba wanda ya kore ta.

"Lantana," ya ce a hankali. "Kantar nan da ke kan yatsunsa na dama, wayar tangaraho ce ta yi masa ita, ko?"