Hujin Kunnen Hagu

Ba da garaje Auta ta huda saman kunnenta ba, wannan ne ma ya fi ƙona mata rai daga baya. Shekara biyu ta yi tana shawara da zuciyarta. Aikinta amsa wayar masu ƙorafi ne a wani kamfanin kayan lantarki. Daga safe zuwa la'asar tana zaune a tebur na goma sha ɗaya da hedifon a ka, irin mai kunne guda da ɗan bututun magana a gefen baki. A kunnen dama take sa shi tun ranar da ta fara aiki. Saboda haka da ta shiga shagon mai huji wata Asabar, na hagu ta miƙa.

Mai hujin mace ce marar son hira. Ta sa safar hannu, ta ɗiga alama, ta soka allura, sai da ta ɗaura 'yar barima sannan ta buɗe baki.

"Nan guringuntsi ne, ba naman ƙasa da ake huda wa jarirai ba. Kafin ya warke sai ya yi wata shida, wani ma shekara. Ruwan gishiri safe da yamma. Kar ki juya barimar, kar ki kwanta a kansa, kar ki bari wani abu ya danne shi."

"Na ji, Anti."

Ta kuwa ji. Kowace safiya sai ta wanke hannu har gwiwa kafin ta kusanci kunnen. Ta naɗe tawul kamar gammo tana ɗora kai, kunnen yana cikin ramin. Ta koma ɗaura ɗankwali ta sama, ta gargaɗi mai kitso tun kafin ta ɗauki matsefi. Yayarta, wadda suke zaune gida ɗaya, takan tsaya a ƙofar banɗaki riƙe da ƙugu tana kallon ikon Allah.

"Ni da na haihu sau uku ban ga wanda ya yi mini wannan jinyar ba. Ko ruwan zafi za a dafa wa kunnen ne?"

Auta takan yi dariya ta ci gaba da abinta. Ita kaɗai ta san daɗin da take ji in ta juya a gaban madubi ɗan ƙarfen nan ya yi wal. Duk abin da ke jikinta wani ne ya zaɓa mata, daga rigar aiki har kalaman da take gaida mutane da su a waya. Wannan kuwa nata ne. Mako bakwai aka yi, jan ya baje, zogin ya tafi.

Ranar wata Litinin suka tarar da kwalaye a kan teburansu a wurin aiki. An sauya hedifon. Sababbin masu kunne biyu ne, manya, da ƙarfe a tsakiya mai matse kai kamar an ba shi kwangila. Auta ta gwada sau ɗaya, soson hagu ya sauka daidai kan barimar, ta cire da sauri ta nufi teburin shugaban sashe.

Mai Agogo suke kiransa a bayan idonsa, don ko banɗaki mutum ya shiga sai ya duba tsintsiyar hannunsa. Mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma taɓa sauraron kowa ba.

"Oga, don Allah a bar mini tsohon nawa. Ina da sabon huji a nan, an ce kar a danne shi."

"An kwashe tsofaffin."

"To zan goce na hagun baya, in riƙa ji da dama kamar da."

"Tsari ɗaya ne ga kowa," ya ce, idonsa a kan kwamfuta.

Ta koma ta goce shi duk da haka. Me ya rage wa kamfani? Tana jin masu kira sarai, suna jin ta. Kwana biyu tana haka lafiya lau. A na uku, tana tsaka da lallashin wani dattijo da firjinsa ya ƙi sanyi, Mai Agogo ya zo wucewa ta bayanta, ya sa yatsa ya mayar da soson kan kunnen, ɗas, kamar mai rufe murfin tukunya. Zafin ya ratsa har haƙoranta. Hawaye ya cika mata ido, bakinta kuwa yana cewa, "Muna ba ka haƙuri, Baba, za a turo mai gyara." Kafin a tashi ta sami takardar gargaɗi a kan teburinta. A wurin nan, in suka cika uku, sai ƙofa.

Ta sake samunsa washegari, ya ce yana da taro. Ran Juma'a ta je karo na uku, ta ɗage ɗankwali ta nuna masa kunnen, ya yi jawur ya fara tashi. Ko kallon kirki bai yi masa ba.

"Ni ba likita ba ne. Kuma kwalliya ce, ba ciwo ba. Kamfani ne ya aike ki?"

Wallahi da za a buɗe ƙirjin Auta a lokacin, da an dafa shayi. Amma ta koma teburinta ta sa abin a ka, don aiki ba a tsintarsa a bakin titi. Ta gwada cusa auduga, abin ya ƙara matsewa. Awa takwas a rana ƙarfen yana niƙa wurin, gumi yana shiga, ita kuma tana ba mutane haƙuri a kan tukunyar lantarki da fanka. In ta dawo gida ta wanke da ruwan gishiri kamar kullum, sai dai yanzu tana wankewa tana zagi a ranta. Yaya ta daina tsokana.

Kwana goma sha ɗaya ta jure. Ranar da ta tashi kunnen yana bugawa kamar zuciya, barimar ta nutse cikin kumburi, Yaya ta ja ta zuwa shagon mai huji. Matar ta haska wurin da tocila, ta yi tsaki mai tsawo.

"Wannan ya wuce ni, asibiti za ku yanzu. Wa ya yi miki wannan aika-aika? Da hannuna na huda shi, tsaf yake."

A asibiti aka tsaga wurin, aka matse mugunya, aka ciro barimar aka miƙo mata cikin 'yar leda. Likita ya rubuta magani, ya gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye: kunnen zai warke, amma samansa zai ɗan lanƙwashe, haka zai zauna, kuma kada ta sake tunanin huda wurin. Auta ba ta yi kuka ba sai da suka shiga mota.

Bayan kwana uku ta koma aiki da farin bandeji a gefen kai. Aka yi dace, ko rashinsa, manajar da ke hawa na sama ta sauko zagaye, Mai Agogo yana biye da ita da littafi a hannu. Manajar ta tsaya a tebur na goma sha ɗaya.

"Subhanallahi, me ya sami kunnenki?"

"Hedifon ne ya danne mini huji, ranki ya daɗe."

Mai Agogo ya dafe ƙirji, fuskarsa cike da tausayi. "Ayya, Auta. Ai da kin faɗa mini. Ga tsofaffin can jibge a sito, bari in ɗauko miki."

"Sau uku na faɗa maka, Oga."

Muryarta ta fita sarai, har ta tebur na goma ta sunkuyar da kai. Amma manajar ta riga ta yi gaba, tana tambayar wani dalilin da ya sa kujerarsa ke ƙara. Mai Agogo kuwa ya tafi da saurinsa, ya dawo, ya ajiye mata tsohon hedifon ɗinta a kan tebur, har da ɗan jan zaren da ta ɗaura masa don kada ya ɓace. Tafiyarsa da dawowarsa ba su kai minti biyu ba.