Hannun da Madam Ta Ƙi Ja

"Tura hannun ciki sosai, Zalika! Har gwiwa. Ke ma tsoronta kike ji?"

Ni ce mai ba da umarnin, ina tsaye da sillen kara a hannu. Zalika ta riƙe damtsen babanta ta saman riga, ta saki mataccen hannun nan cikin akwatin gilashin, ta kau da kai tana runtse ido. Baban nata kuwa, Tinni, yana zaune a kujerar roba, baki a karkace, yana kallon ruwan kamar mai jiran baƙo.

Madam ta fito daga cikin fasasshen tulun da take kwana. Ta zo a hankali, jibgegiya, jikinta sumul da ɗigo-ɗigon baƙi, 'yan idanunta kamar ƙwayar gero. Ta shinshina yatsun da gashin bakinta, ta goga cikinta a tafin hannun, ta yi kwanciyarta a kai.

"Ja shi mana, 'yar banza!" na ce. "Ni da ban yi miki komai ba kin kusa kashe ni, shi ga shi an kawo miki har gida!"

Tinni ya yi dariyar nan tasa ta rabin baki. "Ta san mutanen kirki, Gambi. Shi ya sa ta fara da ke."

Tinni taubashina ne, ɗan ƙanen uwata, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a Gamkalle, a bakin kogi. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba sai da zagi. Shi masunci ne, ni mai bandar kifi, abin da ya kamo ni nake kyafewa. Akwatin gilashin wani Bature ne ya bar masa, wanda ya riƙa kaiwa kallon dorina a kwalekwale, ya haɗa masa da ɗan injin da ke hura kumfa a ruwan. Kowa ya ɗauka kifayen nan masu launi zai zuba. Sai ga shi ya dawo daga kogi da minjirya, kifin nan mai jan mutum kamar wutar lantarki, wadda ba ta wuce ɗan yatsa ba, ya ce ita ce matar gida, tun da uwar Zalika ta rasu. Ya sa mata Madam.

Ita kaɗai take zaune a ciki, don duk kifin da aka sa mata sai a wayi gari ya juya ciki sama. Shekara da shekaru da hannu yake ba ta tana da 'yan ƙananan kifi, har ta kai kaurin cinyata. A farko ta sha jan sa, yana tsalle yana salati. Daga baya ta daina. Mu kuwa sauran jama'a ba ta yafe wa kowa ba. Ranar da na tsoma hannu zan ciro ɗan kunnena, sai da na zauna a ƙasa ban shirya ba, kuma Tinni ya ba da labarin a duk wani biki da suna na unguwar nan.

Ciwon ya same shi ne a bakin ruwa, yana gyaran birgi, ragarsa ta kamun kifi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Asibiti sun ba da magani, ƙafar ta ɗan dawo, amma hannun ya zama kamar ba nasa ba. Shi kuma abu ɗaya yake so a duniya: ruwa ya fara hawa, kwalekwalensa na kife a gaɓa, yana so ya riƙe filafili ya tuƙa kansa zuwa tsibiri ko sau ɗaya ne. Kullum sai ya sa an juya masa kujera ta fuskanci kogin.

A wurinmu masunta, hannun da ya mutu minjirya ce ke tashe shi, haka muka taso muka ji. Munkaila, ɗansa, ya kamo wata a kogi, aka kawo a roba. Ta ja shi, hannun ya ɗan zabura ya koma ya kwanta, Tinni ya ce bai ji komai ba. Tsofaffi suka ce ta yi ƙanƙanta, sai babba. To, duk faɗin Gamkalle wa ke da babbar da ta kai Madam? Ga magani a tsakar ɗaki, yana cin abincinmu, ya ƙi aiki.

Shi ya sa ranar na zo da sillen kara. Na san halinta, in aka tsokane ta a wutsiya ba ta tambayar hannun wane ne a kusa. Na zura karan a ruwa, sai na ji an cafke min wuyan hannu. Hagunsa ce, kuma da sauran ƙarfinta.

"Fitar da shi."

"Kai Tinni, sau ɗaya fa! Ta ja ka, ka tashi, ka je ka nutse a kogin mu huta."

"Na sani za ta ja ni. Daga ranar kuma, duk ta ga hannuna sai ta shige tulu."

"Baba, kifi ne fa," in ji Zalika. "Gobe ta manta."

"Ba ta manta Gambi ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban kuwa ɓoye ba. Na ce masa tsohon banza ne, ya fi son kifi a kan 'ya'yansa. Na ce in ya mutu da kaina zan kyafe Madam in sayar a kasuwa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Duk abin da ya fito daga kogin nan ya ga hannuna, mutuwa ya gani. Ita kaɗai ce take ganin sa ta taho. Ki bar min wannan."

Na jefar da karan na fita. Da na isa wurin bandata na yi kuka, na ce hayaƙi ne.

Har yau ina nan a kan bakana: da ya bari, da wataƙila ya tuƙa jirginsa. Munkaila ma ya zo ya same ni, ya ce, "Inna Gambi, mu yi masa yana barcin rana mana, ni in riƙe hannun, ke ki tsokane ta." Na ce masa in ya isa ya je ya yi. Bai isa ba, ni ma haka.

Ruwa ya ci gaba da hawa, har ya taɓa hancin kwalekwalen, aka jawo shi sama. Tinni ya daina tambayar inda ruwan ya kai. Abinci ma sai an lallaɓa, ɗan kunu, shi ke nan. Amma kullum da safe sai an matsar da shi kusa da gilashin.

Ranar Talatar da zai tafi, da hantsi ya aiko Zalika ta kira ni. Na tarar an ɗauke wuta, injin kumfa ya tsaya, yana nuna wa Zalika yadda ake ɗibar ruwan da moɗar roba a zuba daga sama don iska ta shiga.

"Uwar masifa, zo ki koyi aiki," ya ce. Muryar ta yi ƙasa sosai. "Zalika gidan miji za ta koma, Munkaila kuwa matsoraci ne."

"Ni ce baiwarka?"

"Ke ce ba ki da kunya, ita ma haka. Za ku daidaita."

Ya sa na maƙala tana a tsakanin matattun yatsun, na ɗaga masa hannun na sa a kusurwar dama, inda ya saba sawa. Madam ta taho, ta zuƙe tanar, ta kwanta a tafinsa.

"Ka ji wani abu?" na tambaye shi.

"A'a. Amma ina gani." Ya daɗe yana kallo. "Za ta ja ki, Gambi. Kada ki fizge hannu, kada ki zage ta. Ki dawo gobe."

"Zagi kam sai na yi."

Bayan azahar ina juya kifi a kan banda na ji kukan Zalika ta kan katanga. Ban yi gudu ba. Na sauke kifin don kada ya ƙone, na wanke hannu, na shiga. Kafin la'asar an kai shi, masunta duk sun bar jiragensu a gaɓa sun bi gawar.

Washegari, tsakar gida cike da masu gaisuwa, na shiga ɗakin da tana a gwangwani. Na yi bisimilla na tsoma hannu. Ta ja ni tun daga yatsu har cikin haƙorana, wani irin ja mai tashin matacce. Ban fizge ba. Na tsaya hannuna na cikin ruwa, ina cewa a raina, wannan ne fa ka ƙi karɓa, Tinni, ga shi a banza ana ba ni. Na zage shi, shi ba ita ba, hawaye na zuba.

Akwatin yana ɗakina yanzu. Har yau tana ja na, sai dai ba kullum ba. Ni ta hagu nake sa mata hannu, don nan ne kusa da ƙofa. In ta ci ta ƙoshi ba ta komawa tulu nan da nan. Sai ta ratsa zuwa kusurwar dama, ta ɗago kai, gashin bakinta na taɓa saman ruwan, ta tsaya a nan.