Buhu Uku a Jar Mota

Shekara talatin Gado ya yi yana kwanciya ƙarƙashin motoci a garejinsa na bakin hanyar Maraɗi, cikin Tasawa, har kunnensa ya riga idonsa sanin aiki. Shi ya sa hankalinsa bai kwanta ba tun ranar da Mai Nasara ya sayo wata ƴar jar mota mai ƙofa biyu a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Tun daga nesa yakan ji inji ya yi kuka har ya kai maƙura, sannan ƙarrr, an cusa bitas, wato giyar mota, da ƙarfin tsiya kamar mai karya ƙashi.

Mai Nasara ɗan amininsa ne, marigayi Alhaji Mumuni na Kanan-Bakashe. Ya baro ƙauye ya kama fatauci a Tasawa, ya bar mahaifiyarsa, Uwa, da gonakin gado.

Ranar da ya kawo motar a canza mai, Gado ya kwance akwatin bitas, ya tari baƙin man a kwano.

"Miƙo hannunka," in ji shi. Ya ɗiga masa a tafi. "Murza. Mi ka ji?"

"Kamar yashi, Baba."

"Ba yashi ba ne. Haƙoran motarka ne. Kullum ka fizgi sandar bitas ba ka gama taka ambirayaj ba, wato kuloci, sai sun ci juna. Abin da ya zube kuma ba ya komawa."

Mai Nasara ya yi dariya yana goge hannu. "Ai don gudu aka yi ta."

"Don gudu aka yi ta, ba don duka ba."

Shekarar 1984 ce, sama ta hana ruwa, shanun da Alhaji Mumuni ya bari sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, mutane na layin hatsi a gaban sojoji. Gado ya lura cewa a duk abin da ke hannun saurayin, motar nan kaɗai ce ya ce mata tafi ta tafi. Sai ya ji ba zai iya tsananta masa ba.

Da damina ta zagayo, wata Talata da hantsi, Mai Nasara ya tsaya a ƙofar garejin ba tare da kwarmaton da ya saba ba. An yi ruwan shuka a Kanan-Bakashe jiya, amma yunwa ta sa mutane sun cinye irinsu tun bazara. Ya samo buhu uku na irin gero, biyu a but, ɗaya a bayan kujeru.

"Baba, bitas na biyu yana fita da kansa."

"Ka jira babbar mota."

"Sai ran kasuwa. Kafin nan ƙasa ta bushe."

Gado ya dubi buhunan, ya dubi motar da cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Ya ɗauko jakar ƙarafansa ya shiga.

Da farko tafiya ta yi kyau. Gado ya riƙe sandar bitas da hannunsa don kada ta fita, saurayin na tuƙi. Sau biyu Gado ya buɗe baki zai ce a ba shi sitiyari, sau biyu ya haɗiye, don ba ya so ya kunyata ɗan amininsa. Da suka kai wani kwari mai zurfin rairayi, tayoyin baya suka fara nutsewa. Mai Nasara ya firgita, ya danna wuta, ya fizgo na ɗaya, ya maka na biyu, ya sake komawa.

"Sannu! Sannu, ɗana!"

Amma warin ƙuna ya riga ya cika motar. Inji na ta ruri, taya ko motsi. Gado ya miƙa hannu ya kashe makulli.

Daga baya Mai Nasara ya ce, "Ai ka faɗa mini tun farko."

"Na faɗa maka. Ni kuma da na san rairayin nan, na zauna ina kallo. Laifin namu ne mu biyu. Fito, mu sauke."

Suna cikin saukewa wani makiyayi mai suna Hamani ya ɓullo, yana jan raƙumi guda, ramamme, wanda shi kaɗai fari ya bar masa. Da ya ji abin da ke cikin buhunan, sai ya durƙusar da raƙumin. Aka ɗora biyu. Na ukun Mai Nasara ya raba shi, ya ɗauki rabi a ka, aka bar saura a mota.

Sai bayan la'asar suka isa. Uwa ta fito ta ga ɗanta da kaya a ka, ƙafafu duk laka, ta zura hannu cikin buhu ta damƙo iri, ta daɗe tana dubansa. Nan take ta aika gida-gida a zo a ɗiba.

Washegari tun da sassafe aka fita. Mai Nasara ya riƙe sungumi yana sara, Gado na bin sa yana zuba iri yana rufewa da diddige. Kafin azahar tafin saurayin ya yi bororo ya fashe, bai ajiye ba. Gonakin tudu sun riga sun sha iska, shukarsu ba ta fito ba. Na kwari kuwa suka yi kyau, aka samu abin da ya kai mutane wata kaka.

Motar, jakai ne suka jawo ta zuwa ƙauye. Iyakar Najeriya a rufe take lokacin, kuma duk neman da Gado ya yi a Maraɗi da Damagaram bai samu haƙoran da suka dace da ita ba. Ta yi wata takwas a gindin gawo, kaji na ƙwai a kujerunta.

Gado ne ya ce injin lafiyarsa lau, asara ce a bar shi ya yi tsatsa. Mai Nasara ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya yarda. Suka ciro shi, Gado ya girka shi a kan katako, ya haɗa masa bel, ya zama injin niƙa. Ranar da aka tayar da shi, Uwa ce ta fara kawo ƙwaryar geronta, sauran matan unguwa suka jeru a bayanta har bakin rijiya.