Shagon da Ke Karya Mana Farashi

Maigidana ya yi shekara goma sha ɗaya yana jan babbar mota, sati uku a hanya, kwana biyu a gida. Ranar da ya ajiye makulli ya sayi injin buga zane a jikin riga, ni na fi kowa murna. Muka fitar da gadon ɗakin baƙi, muka shigar da injin da kwalayen fararen riguna, ya buɗe shago a kasuwar intanet. Zanen da ya karɓu nawa ne: kyanwa tana barci a kan sirdin keke. Da farko riga biyu ma sun isa cefanen yini, bayan masu kasuwar sun yanki kamashonsu, an fitar da na tawada da leda da na aikawa.

Da aka ƙara kamasho, sai ya ce mini in riba ba ta gyaru ba zuwa ƙarshen shekara, zai sayar da injin ya koma tuƙi. Hankalina ya tashi. Zaman gida ba miji na sha shi har ya gundure ni. Autarmu sai da ta shekara uku kafin ta daina ɓuya bayan ƙofa in ya shigo.

Shi ne na yi dabara irin tawa. Na buɗe shago na biyu a wayata ban gaya masa ba, na sayo riguna masu ruwan toka na tura ƙarƙashin gado. Manhajar kasuwar ta yi ta jero mini tambayoyi, ni kuwa ina ta danna "na yarda" ina leƙen ƙofa, ko layi ɗaya ban karanta ba. Kullum da hantsi maigida yakan kwashi kaya zuwa ofishin aikawa, layin can kuma tafiyar hawainiya yake yi. A cikin awa biyun da yake yi a can nake buga kyanwar a kan nawa, maƙwabciyata ta aika mini da yamma. Nufina in tara kuɗi, ƙarshen shekara in zube masa a gaba in ce zauna.

Ba a yi sati biyu ba ya dawo yana huci, wai wani ya kwafi kyanwarmu yana sayarwa ƙasa da mu. Ya raɗa masa suna Ɗan Baƙin Ciki. Ya ce akwai wani maɓalli a manhajar, in ka kunna shi, da kansa zai riƙa sauke farashinka ƙasa da na duk mai irin kayanka, kuma ya kunna, za a ga wanda zai fara gajiya. Na taya shi tsine wa mutumin da zuciya ɗaya. Ni dai na san farashin da na sa, daidai da nasa ne.

Oda ta ɓarke. Injin ba ya hucewa, ɗakin sai ka ce gidan burodi, warin tawada har cikin gashin Auta. Tsayawa kuma ba hali, don in ka makara da aikawa yini ɗaya taurarin yabon da masu saye suka ba ka su zube, a tura ka shafi na goma inda ba mai leƙawa. Abin da ke shigo mini bai taka kara ya karya ba, na ɗora laifin a kan kamasho. Shi kuwa ya rame, ko abinci a tsaye yake ci.

Wata Asabar da safe ya ƙona riga ɗaya. Ya ɗaga ta ya ce wannan ta cinye ribar guda ashirin. Sannan ya turo mini wayarsa.

"Gimbiya, zo ki ga mara kunyar nan. Har zanin gadonsa irin namu ne."

Na duba. Rigata ce mai ruwan toka, shimfiɗe a kan gadonmu, ga ɗinkin da na yi wa zanin a gefe. Farashin da ke ƙasanta bai kai rabin wanda na sa ba. Ashe maɓallin nan yana cikin abubuwan da na danna. Wata huɗu wayarsa da wayata suna yankan juna, a gida ɗaya, wani lokaci a caja ɗaya.

"Maigida, ni ce," na ce. "Ni ce Ɗan Baƙin Cikin."

Na janyo kwalin daga ƙarƙashin gado na faɗa masa komai. Na so ya yi faɗa in samu abin mayarwa, amma sai ya zauna a kan kwalin ya yi dariya har da hawaye. Ya tambaye ni me ya sa, na ce don kada ya tafi. Daga nan dariyar ta tsaya.

A take muka kashe maɓallan, na rufe shagona, ya mayar da farashi inda yake da. Kwana uku wayar ba ta yi ko tari ba. A na huɗu muka bincika, sai ga shaguna bakwai da ba mu san su ba, kowanne da kyanwarmu a kan keke, duk a farashin da mu muka koya wa kasuwa. Ya kai ƙara, aka turo masa fom. Da yamma ina kallonsa ya sauke farashin da yatsansa, odar ta dawo, muka kunna injin.

Da shekara ta ƙare ya sa injin a kasuwa, wanda ya fi kowa tayi bai kai kuɗin kwalayen rigunan da suka rage ba. Sai ya fasa sayarwa, ya koya mini yadda ake daidaita zafin fararen riguna, don ni na toka kawai na iya. Ranar da zai koma tuƙi akwai oda goma sha huɗu da dole su fita kafin azahar. Ya yi sallama daga bakin ƙofa da tsohuwar jakarsa a kafaɗa, Auta tana riƙe da ƙafar wandonsa. Ban raka shi ba. Akwai riga a cikin injin, saura daƙiƙa goma sha biyar, in na saki ta ƙone.