Gabas da Yamma a Taswirar Ruma'isa

Jikata Ruma'isa taswira take zanawa. Ba ta gonaki ba, ta sararin sama, a cikin ordinata, wato kwamfuta. Wasan yaƙi ne: mutum biyu, kowa da duniyarsa da jiragensa, su yi ta haƙo ƙarfe a taurari suna ƙera makamai har ɗaya ya cinye ɗaya. Ita ba ta yaƙin. Filin take shimfiɗawa: inda kowa zai zauna, inda ƙarfe yake, inda hanya ta matse.

Samarin Magariya da na Guci suka shirya gasa a gidan matasa, a kan taswirarta. Wani mutum zai zo daga Damagaram ya gani. In filin ya yi adalci, ekip ɗinsu, ƙungiyar masu shirya irin wannan wasa, zai ɗauke ta cikin masu zana musu. In an ga son kai, shi ke nan. Ga shi wanta Dalhatu, da ke koyarwa a lakwal ɗin Guci, shi zai buga wa Guci.

Bayan sun gwada taswirar, Dalhatu ya shigo gida ko babur bai kafe da kyau ba.

"Tsoho, ka yi wa yarinyar nan magana. Ta san gabas nake ɗauka kullum, sai ta tura ƙarfen gabas can nesa. Kafin jirgina ya je ya dawo, Wada na Magariya ya gama haɗa runduna."

Na kira ta. Na ce, "Haka ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Kaɗan na matsar. In Yaya ya ci, cewa za su yi ni na ba shi."

"Da kika danne shi fa?"

"Ba wanda zai yi magana."

Na ce, "Ni zan yi."

Halin uwarta ne. Ɗan maƙwabta take zuba wa tsoka, nata ya sha romo, don kunya. Ban zagi yarinyar ba. Na ce ta mayar wa gabas haƙƙinta.

Ta zauna ta gyara, kuran, wato lantarki, na ɗaukewa yana dawowa. Ta juya taswirar ta nuna mini, kowane gefe ya hau kan ɗan'uwansa daidai. Amma Wada ya aiko cewa bai yarda ba, wa ya san abin da 'yan gida ɗaya suka ɓoye a gabas.

Ruma'isa ta same ni a zaure. "Tsoho, ka zo ka juya mana baya."

A unguwarmu in an yi watanda, an haɗu an yanka sa an kasa nama, ni ke juya baya. A taɓa kashi a ce na wa, in faɗi suna ban gani ba. Ba a taɓa musu da bakina ba.

Ranar gasa na je. Na fuskanci bango. Inusa, shugaban gidan matasa, ya ɗora yatsa a kan gefe ɗaya.

"Na wa, Baba?"

"Wada."

Ashe gabas ce. Suka fara. Ni ɗigo-ɗigo kawai nake gani suna cin juna. Wada ya ci. 'Yan Guci suka soma gunaguni, wai dama gabas ce mai daɗi. Ruma'isa ta damƙe gefen mayafinta.

Aka yi musanya, Dalhatu ya koma gabas ɗinsa. Suka daɗe a wannan. Wada ya sake ci.

Gunaguni ya mutu. Mutumin Damagaram ya tashi ya tambayi Ruma'isa ko tana da wasu taswirun, yana so ya tafi da su.

A hanya Dalhatu ya ce, "Da kin bar ta a karkace, da na samu abin fakewa."

"Sai ka koyi wasan, Yaya."

Da aka kawo tuwo, na ga ta ɗora babbar tsoka a kwanonsa.